Zakin teku: ciwon haƙora da lalacewar mahaɗar muƙamuƙi

Kusan biyu cikin kowane uku na ƙoƙunan kan zakunan teku da wasu likitocin dabbobi suka bincika a jihar Kalifoniya ta Amurka, an same su da alamun lalacewar mahaɗar muƙamuƙi, wato gurbin nan da ke gaban kunne inda ƙashin muƙamuƙi ya haɗu da ƙoƙon kai, wanda ke ba baki damar buɗewa da rufewa.

An wallafa wannan sakamako a shekarar 2015, shekara guda bayan wani binciken da aka gudanar a jami'a guda ya nuna cewa haƙoran dabbar su kansu ba su cika karyewa ko zubewa ba. Ke nan matsalar ta fi tsanani a mahaɗar da ke ɓoye ƙarƙashin fata da tsoka, inda ido ba ya kaiwa.

Lamarin ba ƙarami ba ne ga dabbar da ba ta da hannu. Da baki zakin teku ke kama kifi, da shi yake kare kansa, da shi namiji ke tsare yankinsa a lokacin barbara, kuma da shi uwa ke ɗaga jaririnta ta janye shi daga bakin ruwa.

Wace irin dabba ce?

Zakin teku dabba ce mai shayarwa. Iska yake shaƙa kamar dabbobin tudu, a kan yashi ko duwatsun bakin teku ake haihuwarsa, amma a cikin ruwa yake neman abinci. Ƙafafunsa huɗu sun baje sun zama kamar filafilan kwalekwale, kuma yana iya lanƙwasa na baya zuwa gaba ya taka a ƙasa, abin da danginsa da ake kira sil ba sa iyawa. Yana kuma da 'yan ƙananan kunnuwa a waje.

Duk da sunansa, masana sun ce ya fi kusa da dangin kare da karen ruwa a kan dangin kyanwa da zaki. Sunan ya samo asali ne daga gezar da mazan wasu nau'o'in ke da ita a wuya, da kuma rurin da suke yi. Na Kalifoniya kuwa ba shi da geza sosai, kuma kukansa ya fi kama da haushin kare.

Nau'o'i shida ne suka rage a duniya: na Kalifoniya, da na tsibiran Galapagos, da na Kudancin Amurka, da na Ostireliya, da na New Zealand, sai wanda ake kira Steller da ke arewacin tekun Pasifik, wanda ya fi su girma duka, domin namijinsa kan kai nauyin tan guda. Nau'i na bakwai, na ƙasar Japan, ya ƙare a tsakiyar ƙarni na 20 sakamakon yawan farauta da wasu dalilai.

Wanda aka fi nazarinsa shi ne na Kalifoniya, da masana kimiyya ke kira Zalophus californianus. Shi ne aka fi gani a gidajen namun daji da wuraren wasanni yana ɗora ƙwallo a kan hanci. Yana zaune ne a gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, daga Meziko har zuwa Kanada, kuma akasarin na Amurka ana haifarsu ne a watan Yuni a tsibiran da ke daura da kudancin Kalifoniya, musamman San Miguel da San Nicolas. Babban namiji kan kai kilo 300 ko fiye, mace kuma kimanin kilo 100. Wannan tazara tsakanin namiji da mace tana da muhimmanci wajen fahimtar cututtukan bakinsu.

A shekarar 1975, shekaru uku bayan Amurka ta kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa, yawansu a ruwan ƙasar bai kai 90,000 ba. Ya zuwa shekarar 2012 kuwa, ƙididdigar hukumar kula da harkokin teku ta Amurka ta nuna sun haura 300,000, kafin adadin ya sauko zuwa kimanin 257,000 a shekarar 2014.

Haƙoran da ba a tauna da su

Yawancin zakunan teku na Kalifoniya suna da haƙora 34, ko da yake akan sami masu 36 ko fiye. A kowane gefe akwai haƙoran gaba uku a sama da biyu a ƙasa, da fiƙa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sai haƙora biyar a bayan kowace fiƙa.

Waɗannan na baya su ne suka bambanta da na sauran dabbobi masu cin nama. Kare da kura suna da haƙoran da ke yanka nama kamar almakashi, mutum yana da turame masu faɗi na niƙa abinci, amma na zakin teku duk masu tsini ne, kusan kamarsu ɗaya, kamar jerin turaku. Aikinsu shi ne riƙe kifi mai santsi kada ya kuɓuce.

Dabbar ba ta tauna abinci. Idan ta kama ƙaramin kifi kamar sadin, sai ta juya shi ta haɗiye ta wajen kai. Idan kuma babba ne kamar salmon, sai ta fito da shi saman ruwa, ta cije shi, ta yi ta girgiza kai da ƙarfi tana fyaɗa shi har ya yage gunduwa-gunduwa. A kowace rana babban zakin teku na bukatar abincin da ya kai kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa.

Famfara kuwa da wuri suke yin ta. Wasu haƙoran yarinta sukan zube tun jaririn yana ciki, sauran kuma a watannin farko bayan haihuwa. Daga nan haƙoran da suka fito su ke nan har mutuwa, kuma dabbar tana iya rayuwa shekaru 20 ko fiye. A nan ta sha bamban da ayu, wanda aka sani a kogunan Neja da Binuwai. Shi ayu ciyawa yake ci, kuma tsawon rayuwarsa sababbin turame suna fitowa daga bayan muƙamuƙinsa suna matsowa gaba, suna maye gurbin waɗanda suka cinye. Zakin teku bai sami wannan gata ba. Haƙorin da ya karye masa ya karye ke nan.

Masu ziyartar gidajen namun daji sukan yi mamakin ganin haƙoran manyan zakunan teku baƙi ƙirin, har su ɗauka ruɓewa suka yi. Launi ne kawai da ke taruwa a kan haƙoran yayin da dabbar ke girma, kuma likitoci ba sa ɗaukarsa a matsayin cuta. Hasali ma irin ruɓewar haƙori da ke damun mutane, wadda ƙwayoyin cuta masu cin sukari ke haddasawa, ba kasafai ake ganinta ba a dabbobin da kifi kaɗai suke ci.

Haƙorin yana kuma adana tarihin mai shi. Tun a farkon shekarun 1950 masana suka gano cewa idan aka tsaga fiƙar irin waɗannan dabbobi aka duba cikinta, za a ga layuka jere da juna, kowane ɗaya yana wakiltar shekara guda, kwatankwacin zobban da ake gani a gungumen itace. Ta haka ake sanin shekarun dabbar da aka tsinci gawarta.

Ƙoƙunan kai fiye da dubu

Duba bakin zakin teku mai rai a cikin daji abu ne mai wuya da haɗari, saboda cizonsa yana da muni kuma yakan ruɓar da rauni. Don haka masu bincike suka koma ga matattu.

Cibiyar kimiyya ta California Academy of Sciences da ke birnin San Francisco, wadda aka kafa a shekarar 1853, tana da tarin ƙoƙunan kan zakunan teku da ke cikin mafi girma a duniya. Kaso mai yawa na tarin aikin mutum ɗaya ne, Ray Bandar, wani malamin makarantar sakandare da ya shafe sama da shekaru 50 yana bin bakin tekun Kalifoniya, da izinin hukuma, yana yanke kawunan dabbobin da ruwa ya turo gawarwakinsu, yana wanke su yana rubuta inda ya same su da ranar da ya same su. Kafin rasuwarsa a shekarar 2017 ya tara ƙoƙunan kai sama da 6,000 na dabbobi iri-iri. Aikin da mutane da yawa za su ɗauka wauta ce mai wari, shi ne ya zama ginshiƙin binciken likitoci daga baya.

Likitocin sun fito ne daga sashen haƙora da tiyatar baki na makarantar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis. Cikinsu akwai Farfesa Frank Verstraete, wanda ya yi karatu a Beljiyam ya kuma koyar a Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu kafin ya koma Amurka, da kuma Farfesa Boaz Arzi.

A binciken da suka wallafa a shekarar 2014, sun duba ƙoƙunan kai 1,085 na zakunan teku da aka tsinta a gaɓar Kalifoniya tsakanin shekarar 1896 da 2008. Kimanin kashi 62 cikin 100 na maza ne. An bi kowane haƙori ɗaya bayan ɗaya, da kowane gurbin haƙori, ana rubuta abin da aka gani.

Abin da aka gani a haƙora

Matsalar da ta fi yawa ita ce cinyewar haƙora, ko dai saboda gogayya da juna ko kuma gogayya da wani abu mai tauri. An same ta a kashi 54.9 cikin 100 na ƙoƙunan, kuma ta fi yawa a manya da kuma maza.

Cinyewar haƙori kaɗan ba wata illa ba ce, domin haƙorin yakan ƙara kauri daga ciki don ya kare kansa. Haɗarin yana zuwa ne idan cinyewar ta yi sauri har ta isa kogon da ke tsakiyar haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Da zarar kogon ya buɗe, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Sai jijiyar ta mutu, cutar ta gangara zuwa ƙarshen saiwar haƙori, mugunya ta taru, ta fara cin ƙashin da ke kewaye. Wani lokaci takan huda ƙashin ta ɓullo ta fatar fuska ko ƙarƙashin haɓa. A kan ƙoƙon kan da ya bushe, wannan ciwo yakan bar rami ko kumburin ƙashi a daidai ƙarshen saiwar. An ga irin wannan tabo a ƙoƙuna 63, wato kusan kashi 6 cikin 100, kuma a nan ma maza ne suka fi yawa.

Ba abin mamaki ba ne maza su fi shan wahala. Daga watan Mayu zuwa Agusta, manyan maza sukan kama yanki a bakin teku su tsare shi na tsawon makonni ba tare da sun ci abinci ba, suna haushi dare da rana, suna ture juna da ƙirji, suna cizon wuya da ƙafafun duk wanda ya ƙetare iyaka. Fiƙoƙinsu sun fi na mata tsawo da kauri, kuma fiye da rabin kowace fiƙa a nutse yake cikin ƙashi, don haka idan cuta ta shiga saiwarta, can cikin muƙamuƙi take yin ɓarna.

Sai kuma ciwon dasashi, wanda idan ya yi nisa yakan cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori har haƙorin ya soma girgiɗi. An sami alamunsa a kashi 19.4 cikin 100, akasari a manyan dabbobi.

Sauran matsalolin ba su da yawa. Haƙora 140 ne kacal aka samu a karye a cikin dubban da aka duba, wato kashi 0.4 cikin 100. Waɗanda suka zube tun dabbar tana da rai, har gurbin ya cike da ƙashi, su ma kashi 0.4 ne. An kuma ga haƙoran ƙari, galibi a can ƙarshen muƙamuƙin sama, har akwai dabbobin da ke da guda biyar, da kuma haƙoran yarinta 14 da suka ƙi faɗuwa.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da hankali ta fuska biyu. Ƙashi kaɗai aka duba, alhali kumburin dasashi na farko-farko ba ya barin tabo a ƙashi, saboda haka mai yiwuwa ciwon dasashi ya fi yadda adadin ya nuna. A ɗaya ɓangaren kuma, dabbobin da ake tsintar gawarsu a bakin teku galibi marasa lafiya ne ko masu rauni, ba lallai ne su zama madubin dukkan waɗanda ke iyo cikin ƙoshin lafiya ba.

Mahaɗar muƙamuƙi

Duk wanda ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki zai ji wani ƙashi yana motsi. Wannan shi ne kan ƙashin muƙamuƙi, wanda ke zaune a cikin wani ɗan kwarmi a ƙoƙon kai. Fuskokin ƙasusuwan biyu a lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, kuma a tsakaninsu akwai wani ɗan faifai mai laushi da ke rage gogayya. Kusan duk dabbobi masu shayarwa suna da wannan tsari, sai dai siffarsa ta danganta da irin abincin da dabbar ke ci.

Saniya da raƙumi suna juya muƙamuƙi gefe da gefe don niƙa ciyawa. Na mutum yana buɗewa, yana zamewa gaba, yana kuma karkata gefe. Na zakin teku kuwa, kamar na sauran masu cin nama, kusan sama da ƙasa kaɗai yake tafiya, tamkar ƙyauren ƙofa, domin kan ƙashin dogo ne a kwance kuma kwarmin ya rungume shi. Wannan yana ba shi ƙarfin riƙo, amma ba ya barin sarari sosai ga motsin gefe.

Cutar da aka samu a wannan mahaɗa ita ce amosanin gaɓɓai, irin wanda ke kama gwiwa da ƙugun tsofaffi. Guringuntsin ne ke fara zaizayewa. Idan ya ƙare, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, sai fuskarsa ta yi ramuka da ƙananan huji, wani wurin ta yi ƙyalli saboda guga, gefunan kuma su tsiro da ƙarin ƙashi. A jikin mutum da kare da kyanwa, an san wannan yana jawo zafi da sanƙarewa da wahalar buɗe baki.

Likitocin na Davis sun kasa aikinsu kashi biyu, kuma an buga duka biyun a shekarar 2015. A kashi na farko sun feɗe kawuna 14 na dabbobin da ba su daɗe da mutuwa ba, maza biyar da mata tara. A huɗu daga cikin matan sun tarar da rauni a fuskar mahaɗar ko a faifan da ke tsakani, kuma da aka duba a madubin ƙara girman abu, an ga ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi ya lalace, ga kuma alamun kumburi. Sun kuma lura cewa zaruruwan da suka haɗu suka yi faifan a warwatse suke ta kowace fuska, saɓanin na mutum da alade, inda zaruruwan tsakiyar faifan suka fi miƙewa daga gaba zuwa baya.

A kashi na biyu sun koma gidan adana kayan kimiyya, suka duba ƙoƙunan kai 497. Kashi 63.5 cikin 100 suna da alamun amosanin, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A kan ƙashin muƙamuƙi, ciwon yakan mamaye dukkan fuskar mahaɗar, amma a kwarmin ƙoƙon kai ya fi tsayawa a ɓangaren da ke can ciki, wajen tsakiyar kai.

Girman wannan adadi yana fitowa ne idan aka gwada shi da na wasu dabbobi da likitocin jami'ar suka bincika ta wannan hanya. Karen ruwa na teku, wanda ke zaune a gaɓar Kalifoniya ɗin nan kuma yake fasa ƙaguwa da katantanwa da haƙoransa, kimanin kashi 4 cikin 100 ne kawai aka samu da cutar a cikin ƙoƙuna kusan dubu. A wani ɗan'uwan zakin teku mai laushin gashi da ke arewacin Pasifik, ɗaya cikin biyar ne. Dabbar walrus mai dogayen haure, ta yankin ƙanƙara, ita ce ta yi kusa da zakin teku da kimanin kashi 60 cikin 100.

Tsufa ne ko faɗa?

Bayani mafi sauƙi shi ne a ce tsufa ne, tun da an san amosanin gaɓɓai da bin shekaru. Na biyu kuma a ce faɗan maza ne, kamar yadda ya bayyana a haƙora. Alƙaluman ba su goyi bayan ko ɗaya ba. Masu binciken sun ce ba su sami wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin shekaru ko jinsi da samuwar cutar ko tsananinta ba. Daga cikin ƙoƙunan da ke da cutar, kashi 56 cikin 100 na mata ne, waɗanda ba sa tsare yanki, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matasan dabbobi ne da ba su daɗe da balaga ba.

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankali a binciken baki ɗaya. Cutar da ke kama mace da namiji, babba da matashi, kusan daidai wa daida, ta fi kama da abin da ya shafi yadda jinsin duka yake amfani da bakinsa ko kuma yadda mahaɗar take a halitce. Girgiza babban kifi gefe da gefe da muƙamuƙin da aka yi shi don tafiya sama da ƙasa, aiki ne da ke ɗora wa mahaɗar nauyi ta fuskar da ba ta da sassauci. Su dai likitocin sun yi taka-tsantsan, inda suka tsaya a kan cewa yawan cutar da tsananinta na iya taka muhimmiyar rawa wajen rashin lafiya da mutuwar waɗannan dabbobi.

Wadda abin zai fi shafa ita ce uwa mai shayarwa. Bayan haihuwa takan bar jaririnta a tsibiri ta tafi kiwo na kwana biyu ko uku, ta dawo ta shayar da shi, ta sake komawa, haka har tsawon watanni goma ko fiye. Ko lafiyayyar uwa ba ta da rarar ƙarfi mai yawa. An ga haka a shekarar 2015, lokacin da ruwan tekun Kalifoniya ya yi ɗumi fiye da kima kuma kifayen da iyayen suka dogara da su suka yi nisa: a watanni biyar na farkon shekarar, an tsinci 'ya'yan zakin teku sama da 3,000 a bakin teku sun rame saboda yunwa. Ƙarancin kifi ne ya jawo wannan, amma ya nuna yadda duk abin da ya rage wa uwa saurin kamun kifi, ɗanta ne ke fara ji a jikinsa.

Ƙugiya da harsashi

Akwai kuma raunukan baki da mutane ne sanadinsu. Zakin teku yana da wayo, kuma ya koyi bin jiragen masunta yana cire kifi daga ƙugiya ko raga. Sau da yawa ƙugiyar takan maƙale masa a leɓe ko dasashi ko maƙogwaro, igiyar kuma ta naɗe masa baki ko wuya ta riƙa nutsewa cikin nama yayin da yake girma.

Wasu fusatattun masunta sukan harbe shi, duk da cewa dokar shekarar 1972 ta haramta hakan. Asibitin dabbobin teku na Marine Mammal Center da ke garin Sausalito, kusa da San Francisco, wanda aka kafa a shekarar 1975, yana karɓar zakunan teku masu raunin bindiga a kai a kai. Da yake kai ne kaɗai ke fitowa saman ruwa idan dabbar tana iyo, a nan harsashi ya fi samunta, ya fasa ido ko haƙora ko ya karya muƙamuƙi. Wasu lokuta sai an ɗauki hoton ƙashi saboda wata cutar daban ake ganin tsofaffin ɓarɓashin harsashi a fuska.

Jinya a hannun mutane

Zakunan teku da ke gidajen namun daji da wuraren baje kolin halittun ruwa, da waɗanda rundunar sojin ruwan Amurka ke horarwa a birnin San Diego don ɗauko kaya daga ƙarƙashin teku, sun fi na daji daɗewa a duniya, wasu har shekaru 30. Tsawon rai yana zuwa da nasa ciwon baki. Bugu da ƙari, wasunsu sukan ɗauki ɗabi'ar gurgurar kankare ko ƙarfe ko kayan wasa masu tauri, abin da ke cinye musu fiƙoƙi har jijiya ta bayyana.

Gane ciwon ba shi da sauƙi, domin dabbar daji ta saba ɓoye rauninta. Masu kula da su sukan lura da alamu kamar ƙin cin abinci, ko sakin kifi bayan an miƙa shi, ko kumburi a gefen fuska, ko goga baki a bango. Ciwon mahaɗar muƙamuƙi kuwa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna shi sosai, saboda ƙasusuwan wurin sun hau kan juna. Sai an yi amfani da na'urar da ke ɗaukar hoton kai yanki-yanki da taimakon kwamfuta.

Magungunan kusan irin na mutane ne. Ana iya cire haƙorin da ya mutu, ko kuma, idan fiƙa ce da ake son a ceta, a kwashe mataccen abin da ke cikin kogonta a wanke a cike. Cire fiƙar babban namiji tiyata ce sosai, saboda tsawon saiwarta. Amosanin mahaɗa kuwa ba ya warkewa, sai dai a rage zafinsa da magani, a kuma yanka wa dabbar kifi ƙanana.

Babban abin da likitoci ke fargaba shi ne maganin sa barci. Jikin zakin teku an tsara shi ne don nutso: idan ya nitse can ƙasa yakan riƙe numfashi, jini ya janye daga gaɓoɓi zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, bugun zuciyar kuma ya ragu ƙwarai, har an auna ƙasa da bugu 10 a minti guda a wasu matan da suka yi nutso mai zurfi. Idan irin wannan ya faru a kan teburin tiyata, dabbar tana iya mutuwa. Shi ya sa ake saka mata bututun numfashi, ana kuma sa ido a kan zuciyarta daga farkon aiki har ta farfaɗo.

Don kauce wa yawan sa su barci, masu horarwa sukan koya musu buɗe baki da kansu idan aka ba su alama, su tsaya cik ana duba musu dasashi ana goge musu haƙora da buroshi, a saka musu da kifi. Wasu an horar da su har suna yarda a sa musu farantin ɗaukar hoton haƙori a cikin baki idonsu biyu.

Waɗanda aka ceto daga bakin teku kuwa, hukuncinsu ya danganta ne da abu guda. Kafin a mayar da kowanne cikin ruwa, sai ya nuna yana iya cin kifi da kansa, yana gogayya da 'yan'uwansa a wurin ci ba tare da an ɗura masa ba. Wanda ya rasa haƙori ɗaya ko biyu yakan tsallake wannan gwaji ya koma teku. Wanda muƙamuƙinsa ya lalace har ba ya iya riƙe kifi, ko dai a nema masa mazauni na dindindin a wani gidan namun daji, ko kuma likitoci su yanke shawarar kawo ƙarshen wahalarsa.